Kalmar da Na Rubuta Sau Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakar gidan surukaina a Kaoje, littafi a hannu, ina jin kaina wani babban malami.

Shekarata arba'in da takwas na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ni manomin shinkafa ne, hannuna ya fi sabawa da lauje. Malaminmu yana da doka guda: duk sabuwar kalma a rubuta ta sau bakwai nan take, kafin ta gudu. Ni kuwa akwai bin doka. (Har rubutun jikin buhun taki sai da ya sha bakwai ɗinsa.)

A shekarar ne ƙari ya fito wa matata Kulu a nono. Aka yi na gida, aka tsallaka ƙasar Benin wurin wani mai magani, daga ƙarshe aka tura mu babban asibiti a Sakkwato, aka ɗebi tsoka aka auna. Ranar karɓar sakamako, yayanta Alhaji Bawa ya ce mini, "Tunda ka zama ɗan boko, kai za ka raka ta. Ka rubuto muna duk abin da likita ya ce."

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta ce ciwon daji ne, abin da dama muke tsoro. Sannan ta miƙo takarda, tana neman izini a yi bincike da ragowar tsokar. A saman takardar na hango wata doguwar kalma, na ɗora yatsa na ce, "Likita, wannan fa?"

"Fibronectin," in ji ta. "Wani abu ne mai danƙo da jiki ke yi don ya riƙe tsoka. Muna duba ko yawansa ne ke zame wa ciwon kamar gada, ya tsallaka wasu sassan jiki."

Sabuwar kalma, haruffa goma sha ɗaya! Na buɗe littafi a kan gwiwa na duƙufa. Ina jin likita ta juya wajen Kulu ta sassauta murya, amma ni ina fama da layi na uku. Ina kai na bakwai suka miƙe.

A mota Kulu ta jingina kai da taga. Na ɗauka gajiya ce. Har allunan bakin hanya na riƙa karanta mata da ƙarfi, wai in ɗebe mata kewa.

Muka iske dangi a zaune, har da Inna, mahaifiyarta. Na gyara murya na karanta kalmar, na yi bayanin danƙo da gada, har ina kwatantawa da hannu.

Alhaji Bawa ya bari na gama, sannan ya ce, "Mun ji gada. To, ya tsallaka ko bai tsallaka ba?"

Na duba littafi. Layi bakwai, kalma guda. Na juya shafi, fari fat.

"Yaushe aka ce ku koma?"

Shi ma ban sani ba.

Sai Kulu, wadda ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, ta ce a hankali, "Ya tsallaka, Yaya. Ta ce ya kai ƙashin baya. Ranar Litinin za a fara ƙarin ruwan maganin daji."

Inna ta rufe fuska da gyale. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi jin sauƙi. Tun daga Sakkwato har Kaoje matar nan ta ɗauko wannan magana ita kaɗai, mijinta na gefenta yana karanta sunan gidan mai.

Kulu tana nan, yau da sauƙi, gobe babu. Kalmar kuwa har yanzu ina rubuta ta ba kuskure, ba kuma wanda ya taɓa tambayata ita. Yanzu idan mun shiga wurin likita, biro na zama a aljihu sai an gama magana. Duk da haka, da mun fito sai Kulu ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji, ko in maimaita maka sau bakwai?"