Yadda Za Ka Kayar da Yayan Matarka Daga Sama

Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kafin shayi ya huce ka gama da jarumin da yayan matarka ya shekara uku yana reno a takarda. Ni da kaina na gwada.

1. Kada ka karanta doka

Wasa ne na duk ran Asabar: kai da Yaya da abokai ku kewaye tebur, kowa da jaruminsa, alƙalin wasa na ba da labari, ɗan ludo mai fuska ashirin na yanke hukunci. Kai ne matsafi. Doka ta ce akwai sihirin da sai an tattara hankali a kansa, kuma ɗaya tak ake riƙewa. Ka ɗauko na biyu, na farko ya zube. Layi biyu ne a littafin, amma babban mutum kamarka ina ya ga lokaci?

2. Ɗaga Yaya sama

Kun iso bakin rami, dodo na ƙetare. Yi wa jaruminsa sihirin tashi. Zai ce, "Ƙanena, ka riƙe ni da kyau fa." Bugi ƙirji ka ce, "Haba Yaya, ni ne fa."

3. Bar kanka ya kumbura

Dodo zai jefe ka da dutse, sai ka jefa ɗan ludo a ga ko hankalinka ya watse. Sha tara ta fito, Yaya na nan a sama. Daga nan ba mai iya gaya maka magana.

4. Burge jama'a

Tela da ke gefenka zai taka maka ƙafa. Hassada ce. Miƙe ka ce, "Zan ɗaure dodon da sarƙar wuta!"

Alƙali zai cire tabarau ya ce, "Ka tabbata?" Mai hankali a nan yake ja da baya. Kai ka ce, "Sau nawa zan faɗa?"

5. Sunkuyar da kai

"To, sarƙa ta kama dodo," in ji alƙali. "Jarumin Yaya kuma ya faɗa rami."

Yaya ba zai yi faɗa ba. Zai ninke takardar mataccen jarumin nasa gida huɗu, ya sa ɗan mutum-mutumin jarumin da ya yi wa fenti da hannunsa a aljihu, ya ce, "Ka gaida gida." Kafin ka isa, gida ya ji.

Abin da zai biyo baya kuwa, ba ruwana. In matarka ta tare ka a ƙofa ta ce, "Abu biyu lokaci guda? Kai da ko tukunya ɗaya aka bar maka sai ta ƙone?", kai ka jiyo. Kuma kada ka neme ni a teburin ran Asabar. Wata takwas ke nan Yaya bai kira ni ba.