Lemon Tsamin Inna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma ɗalibaina ba za su bar ni ba, da ranar da na tsaya gaban aji ina sharɓar kuka riƙe da yankin dankalin turawa.

Bari in faro daga gida. Kafin Inna ta rasu ta dasa 'yar bishiyar lemon tsami a tsakar gidanmu a Manawashi, daidai inda take alwala, don kada ruwan ya tafi a banza (wanda ya san tsadar ruwa a Gombe ba zai kira wannan rowa ba). Ba ta ga furenta ba. Da aka watse daga zaman makoki, sai mahaifina, Baffa, ya ɗauki butarsa da kujerarsa ya koma wurin. Mutum ne da bai iya kuka ba, bai kuma iya doguwar hira ba. Ban taɓa jin ya ce yana kewar Inna ba. Iyakacinsa ya tsuguna da asuba yana tsince busassun ganye, ya ɗago ya ce, "Ta yi sabon toho."

Ni kuwa malamar bayoloji ce a wata sakandare a unguwar Arawa, ni ce kuma mai digiri a gidanmu, ba na bari a manta. Sai na ga bishiyar ba ta sauri. Na ce a raina, ruwan alwala ai ba abinci ba ne. Na biya kasuwa na sayo takin zamani, farin nan mai kama da sukari, na faki idon Baffa ya tafi masallaci, na tona gindinta na juye mata shi, na mayar da ƙasa. Ba barbaɗawa na yi ba, juyewa na yi kaf. Nufina ya wayi gari ya ga ta yi kore shar, ni kuma in koma gefe ina murmushin masana.

Ba a jima ba ganye ya fara nannaɗewa, bakinsa ya ƙone, ya soma zuba. Baffa ya ƙara mata ruwa, ya kafa mata rumfar buhu saboda rana. Ya kira ni in duba, tunda ni ce na karanta. Na juya ganyen sama da ƙasa, na yi gyaran murya, na ce ƙwari ne. (Allah ne shaidata, ko sau ɗaya takin bai faɗo mini a rai ba. Taki ai alheri ne, wa zai zargi alheri?) Ran nan da yamma na ji shi yana magana shi kaɗai: "Ita ta riƙe ni shekara da shekaru, ni ɗan itacenta ma na kasa riƙewa." Daga ranar tuwonsa ya fara dawowa yadda na kai masa.

A makon ne shugabar makarantarmu, Madam Rifkatu, ta shigo ajina ta zauna can baya don ta ga yadda nake koyarwa. Na ji daɗi, domin darasin da na fi ƙwarewa a kai ne. Na zana ƙwayar halittar tsiro a allo, da bangonta, da siririn tantanin da ke cikin bangon, da cibiyarta, da jakar ruwan nan ta tsakiya wadda idan ta cika take sa ganye ya tsaya ƙyam. Tun da safe na jiƙa dankali a kofi biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri mai kauri. Na ɗaga na farko, ga shi da tauri. Na ɗaga na biyu, ya yi laushi kamar tsumma.

Na ce, "Ku dubi nan. Tantanin nan yana barin ruwa ya wuce, amma yana tare gishiri. Shi kuwa ruwa, ɓangaren da ya fi kauri yake bi. Wannan shi ne osmosis. Idan waje ya fi ciki gishiri, ruwan cikin ƙwayar ne zai fita, jakar ta motse." Baki ya yi mini daɗi, sai na ƙara misali. "Shi ya sa jahilin manomi, idan ya labta wa shuka taki, ko ana ba ta ruwa kullum, ƙishirwa ce za ta kashe..."

Ban ƙarasa ba. Na dubi dankalin da ke hannuna, na ga ganyen Inna. Na ga Baffa tsugune da buta yana ba ta ruwa, ni kuwa na riga na binne abin da ke zuƙe shi daga jijiyarta. Ba ƙwalla na yi irin ta manya ba, wadda ake sharewa da gefen mayafi. Kuka na fashe da shi, mai sauti, har da majina.

Can sai wata ɗaliba ta ce a hankali, "Malama, ai dankali ne, ba albasa ba." Madam Rifkatu ta kamo hannuna ta fitar da ni baranda, ta ce, "'Yata, wa ya rasu?" Na ce, "Lemo." Har yau ban san abin da ta rubuta a kaina ba.

Na tari keke-napep na koma gida. Na tona gindin bishiyar da hannu, na tarar jijiyoyin sun yi baƙi. Ina kwarara mata ruwan randa Baffa ya shigo. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Sai ya zauna a kujerarsa ya ce, "Ashe ba ni ba ne." Ya sake cewa, "Ashe ba ni ba ne." Sai ya yi dariya, ta farko tun rasuwar Inna, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Gado kika yi. Uwarki ma in ta so mutum, gishiri take cika masa a miya."

Bishiyar ba ta tashi ba. Na ce zan sayo masa wata, ya ce in bari, ba hannun Inna ne zai dasa ba. Har gobe a wurin yake alwala, ruwan na gangarawa gindin busasshen kara, ni kuma ina kawar da kai in na zo wucewa.

A makaranta sunana ya koma Malama Dankali. Duk shekara ina koyar da darasin nan, da kofunana biyu, sai dai na cire kalmar jahili. Manomi kawai nake cewa, domin na san wata mai digiri. In kuma ɗalibai suka tambaye ni abin da za su riƙe, sai in ce musu: ko alheri ne, a barbaɗa.