Ranar da Na Kashe Shahul da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi burge tsohuwa da yarensu, na ƙare da sa mata sama da goma kuka a filin jirgin Madina.

Aikina a filin jirgin shi ne tura keken tsofaffi da marasa lafiya daga ƙofar sauka zuwa mota. A nan na saba da Shahul, ɗan Indiya daga yankin Tamil, shi kuma yana ɓangaren lodin kaya. Shi ya koya mini kallon finafinan yarensu, irin waɗanda ake ɗauko labarin kisan kai na gaske a shirya. Lokacin hutun rana sai mu haɗa kai a kan wayarsa, yana ci yana ba ni bayani: "Wannan kusa da garinmu aka yi shi, wallahi, kawuna ya san gidan." Tun ina kallo don kara har na zarce shi. Matata ta ce idan na ƙara yi mata kallon tuhuma don gishiri ya yi yawa a miya, gidansu za ta tafi.

Wata rana Shahul ya ce mahaifiyarsa za ta zo Umara, kuma jirginsu zai sauka yana tsakiyar aiki. Ya tura mini hotonta ya ce, "Ya akhi, ka karɓe ta, ƙafarta na ciwo. Zan fito da na samu dama."

Nan take shaiɗanin burga ya hau kaina. Na ce ai sai na tarbe ta da Tamil. Na tuna wani fim da sufeton 'yan sanda ya je ƙofar wata dattijuwa, ya cire hula, ya sassauta murya, ya yi mata magana cikin ladabi. Fassarar Larabcin da ke ƙasa ta ce, "Uwa, ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya." (Abin da ban lura ba, fassarar tana makara da jimla ɗaya.) E, na ga tsohuwar ta fashe da kuka, to amma a finafinan nan ai ko ɗa ne ya dawo daga kasuwa sai an yi hawaye. Na yi ta maimaita jimlar a banɗaki, a mota, har a layin burodi a unguwar Aƙiƙ. Ban gaya wa Shahul ba, wai don in ba shi mamaki.

Da ranar ta zo, bayan Azahar ayarinsu ya fito, mata duk da mayafi kore iri ɗaya. Na gane ta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tabarau, tana ta leƙe tana neman ɗanta. Na matsa da kekena, na cire hula kamar yadda sufeto ya yi, na ce "Amma" (haka suke kiran uwa, ba amma irin tamu ba), sannan na zuba mata jimlar tas, da murmushi har kunne.

Jakarta ta faɗi. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta dafe ƙirji, ta ɓarke da kuka.

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, ta ji yarensu a garin Manzo, zuciya ta karye. Da sauran matan suka taru suna tambayarta, sai na ga bai kamata in bar su a baya ba. Na juya na maimaita musu, da ƙarfi wannan karon, har ina ɗan rusunawa. Sai wurin ya rikice da salati da koke-koke. Wata ta rungume tsohuwar, wata na yi mata fifita da fasfo.

Jagoran ayarin, wani dattijo mai jin Larabci, ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Yaushe abin ya faru?"

"Wane abu, ya Hajji?"

"Rasuwar ɗanta. Ka ce an tsinci gawarsa a rijiya, ta zo ta duba ko shi ne." Ya ƙare mini kallo. "Kuma kana dariya."

Na shiga rantsuwa da Larabci da Hausa a haɗe: "Wallahi hayy ne, yana nan da ransa, yanzu muka ci shinkafa tare!" Na kira Shahul a waya, bai ɗauka ba. Sai na bar keken na zura da gudu, ina kiran sunansa kamar wanda aka sace wa akuya.

Da ya iso da rigar aikinsa, uwar ta shafa fuskarsa, ta shafa kunnuwansa, ta ƙirga yatsunsa. Sannan ta sa aka miƙo mata jakarta, ta yafito ni. Na matso ina zaton yafiya ce. Ta maka mini ita a kafaɗa. Bayan haka ni na tura ta har mota, kaina a ƙasa, matan na bina da harara.

Kwana biyu Shahul bai yi mini magana ba. Daga baya ya ce tsohuwa na nemana a masaukinsu da ke unguwar Anbariyya. Na je da dabino da man ƙafa, ina shirin shan wata jakar. Sai na tarar ta tara matan, wai in sake faɗin jimlar su ji. Na ƙi, suka dage, na faɗa. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shahul ya fassara mini abin da ta ce: tun da take, ba ta taɓa jin baƙo ya iya furta Tamil daidai kamar ni ba, shi ya sa ma ta yarda nan take.

Yanzu duk wanda ya sauko daga jirgi, ko daga ina yake, sallama kawai nake yi masa in kama bakina. Ita dai na tabbata babu gawa a cikinta.