Titin da Babu Akuya

A garinmu akwai wani dattijo, Malam Ɗayyabu, wanda ba a taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Sana'arsa ta asali sayar da huluna ce, amma tun da 'ya'yansa suka karɓi shagon ya koma masanin tsofaffin hotunan gari, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Duk wanda ya zazzage akwatin kakarsa ya tsinci wani hoto da ya koɗe, sai ya nufi gindin darbejiyar da ke gefen masallaci, inda dattawa suke majalisa. Malam Ɗayyabu zai gyara zaman tabarau, ya nisanta hoton daga fuskarsa, ya yi gyaran murya, sannan ya ce wannan ai bayan tsohuwar kasuwar hatsi ce, wancan zauren kuma na wane ne, Allah ya ji ƙansa, mutum mai rowa.

Babu mai iya musa masa, saboda garin an rushe shi an sake ginawa. Inda soro yake ya koma shago, inda kududdufi yake ya koma gidan mai. Waɗanda suka san cewa shi kansa Malam ɗin da wayonsa ya shigo gari daga ƙauye duk sun riga mu gidan gaskiya. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, labarin kuwa duk yana aljihun Malam Ɗayyabu.

Yana da wani tabo a goshi, sama da girar hagu, wanda shi ma ya sha tarihi. In hoton mahauta aka kawo, ƙahon sa ne ya yi masa shi ranar da shanu suka ɓalle. In na filin taro ne, kulkin ɗan doka ne a zamanin siyasar farko. Mutum ɗaya ne yake lissafe da waɗannan sauye-sauyen, wato Tanimu Tela na Layin Tsohuwar Tasha, wanda ya daɗe yana jiran ranar da Malam zai yi tuntuɓe. Sai dai Tanimu bai kai Malam shekaru ba, kuma a majalisa shekaru sun fi hujja ƙarfi.

Ana nan sai ga baƙo daga Kumasi, wani attajirin goro mai suna Alhaji Munkaila. Ya yi sallama, aka ba shi wuri, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mahaifinsa haifaffen garin nan ne, ya bi fataken goro tun yana saurayi, bai sake dawowa ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya bari na gida hoto ɗaya ne tak, wanda ya ɗauka kafin ya tafi. Alhaji Munkaila ya yi alwashin haƙa rijiyar burtsatse, sadaka ga mamacin, a daidai inda ƙafar mahaifinsa ta tsaya a cikin hoton nan, ba gaba ba, ba baya ba.

Da aka ambaci rijiya sai kowa ya gyara zama. Famfunan garinmu sun daɗe da komawa ado, in ka murɗa sai dai su yi maka fito. 'Yan garuwa kuwa sun zama sarakai, sai an bi su ana lallashi. Kowane dattijo a wurin ya fara addu'a a zuci Allah ya sa layinsu ne.

Aka miƙa wa Malam Ɗayyabu hoton. Ya gyara tabarau, ya duba. Ga saurayi nan tsaye da 'yar shara da hula a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. A bayansa wani titi ne shimfiɗeɗɗe, benaye jere hagu da dama, ga dogon ƙarfen fitila, ga hasumiya mai agogo, ga mota tana sheƙi, har da jirgin sama yana wucewa ta saman bene. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin wurin nan ba. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro, saura ƙiris ya faɗe ta. Sai ya tuna da jarkokin da ke jere a tsakar gidansa babu ko ɗigo, ya kuma hangi Tanimu yana kallonsa yana murmushi. Sai ya haɗiye ta.

"Allahu akbar," in ji Malam, yana girgiza kai. "Duniya labari. Alhaji, ai wannan ƙofar gidana ce."

Kowa ya san layin Malam Ɗayyabu, lungu ne da in amalanke biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Tanimu ya karɓi hoton ya tambaya cikin ladabi ina benayen suka tafi. Malam ya ce shekarar babban ruwa ce ta cinye su. Hasumiyar fa? Tsawa ce ta faɗa mata, agogon ma wani Bature ya tafi da shi. Jirgin saman fa? Ai ranar ce jirgi ya fara ratsa garin nan, shi ya sa ma aka ɗauki hoton, kuma shi Malam yana cikin yaran da suka bi shi da gudu har bayan gari.

Tanimu ya ƙura wa hoton ido, sannan ya ce, "Malam, abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Wane titi ne a garin nan, tun kafuwarsa, da za a ɗauka a hoto ba a ga akuya ko ɗaya ba?"

Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Malam ko gezau. Ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka; a shekarar nan Di'o, Baturen mulki, ya sa dokar ɗaure awaki, duk wadda aka gani a titi sai a kai ta gidan yari ita da mai ita. Sannan ya ture hularsa baya, ya ɗora yatsa a kan tabon goshinsa, ya ce a gindin wannan fitilar ta cikin hoto ya faɗo daga kan keken haya, kansa ya bugi ƙarfen, jini har ƙirji. Tanimu ya buɗe baki zai tuna masa da ƙahon sa, dattawa suka ce ya bari manya su yi magana. Alhaji Munkaila kuwa har da ƙwalla. Aka tsayar da magana gobe da hantsi zai zo da masu haƙa, Malam ya nuna musu wurin.

Malam ya roƙi a ba shi aron hoton ya ƙara nazari, ya tafi gida da shi bayan la'asar. Matarsa Ladiyo ta kawo masa fura a tsakar gida. Ita Ladiyo 'yar marigayi Jibrin Mai-Hoto ce, wanda ya rasu tun kafin Malam ya san hanyar gidansu, shagonsa ma an rufe shi tun tana budurwa. Tana ajiye kwanon sai idonta ya faɗa kan hoton. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, ai wannan titin..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya ce tarihi ba tuwo ba ne da za ta sa masa muciya, maza sun riga sun gama magana a majalisa. Ta ce ita dai ta ji yara suna cewa rijiyar sadakar mamaci ce, ya ji tsoron Allah ya saurare ta. Ya ce ita da kullum take cika masa kunne da kukan ruwa, yau ya kawo mata ruwa har ƙofar gida kuma za ta kawo masa ƙabli da ba'adi. Ladiyo ta dube shi, ta ɗauki faifanta ta koma ɗaki ba ta ƙara cewa uffan ba. Malam ya ɗauka ya yi nasara. Mutumin da ya san kowane lungu na garin nan, har da waɗanda ba a taɓa ginawa ba, bai san shirun matarsa ba.

Da gari ya waye ta ce ya tashi da wuri, tana so ta fitar da katifa ta sha rana. Katifar rimi ce da ta zo da ita ranar da aka kawo ta gidan. An sha canza mata auduga, amma rigarta, wani yadi mai kauri kamar tamfol, ko huda ba ta taɓa yi ba. Ladiyo ce take farke ta da hannunta ta sake ɗinkewa, kullum kuma sai Malam yana kasuwa. Bai kawo komai a ransa ba, hankalinsa yana kan wace babbar riga zai sa.

Da hantsi lungu ya cika. Ga Alhaji Munkaila riƙe da hotonsa da Malam ya mayar masa, ga masu haƙa da turakunsu da igiyar awo, ga dattawan majalisa, ga Tanimu a gefe ya harɗe hannu. Matan layin suna leƙe ta ƙofofi suna sa wa Malam albarka. Shi kuwa ya shiga aiki da sandarsa. Ya nuna inda benen farko yake, wato inda yanzu ake ɗaure tumakin maƙwabcinsa. Ya nuna inda motar ta tsaya, har ya faɗi sunan direbanta. Ya taka a hankali ya zo daidai jikin katangar gidansa, ya soka sanda a ƙasa, ya ce nan fitilar take, nan kuma marigayi ya tsaya. Shugaban masu haƙa ya kafa turke ya fara bugawa.

Ana cikin haka sai aka ji fuu daga sama. Wani ƙaton yadi ya tsallako ta kan katanga daga cikin gida, ya baje a jikinta ta waje kamar yadda mata suke shanya, ƙura da guntayen audugar rimi suna tashi. Mutane suka ɗaga kai. Mai buga turke ya tsaya da guduma a sama.

Ga benaye nan hagu da dama. Ga dogon ƙarfen fitila, ga mota, ga hasumiya, ga jirgin sama yana wucewa. Fentin ya koɗe, wani wurin ya goge, amma ko makaho ya shafa ya san shi ne. Alhaji Munkaila ya ɗaga hoton hannunsa ya jera da katanga, ya dubi wannan ya dubi wancan. Hatta agogon hasumiyar yana nan a lokacin da yake a hoto, bai motsa ba. Mahaifinsa ne kawai babu, kuma har yanzu babu akuya.

Malam Ɗayyabu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Alhaji Munkaila mutum ne mai natsuwa. Ya matsa bakin zaure ya yi sallama, ya ce don Allah mai ɗakin Malam ta yi masa bayani. Ladiyo ta amsa daga bayan ƙofa. Ta ce labulen shagon mahaifinta ne, daga Ikko ya sayo shi a zane. A wancan zamanin duk saurayin da zai tafi neman arziki sai ya zo ya tsaya a gabansa an ɗauke shi, don in ya je can ya nuna wa mutane irin birnin da ya fito. Ita ce ma take kaɗe masa ƙura da safe tana yarinya. Da mahaifin ya rasu, mahaifiyarta ta ga yadi mai ƙarfi zai lalace a banza, sai ta juya zanen ciki ta ɗinka mata katifar aure da shi.

Alhaji ya yi dariya har da share ido, ya ce shi ya sa tsohon bai taɓa yarda ya faɗi sunan titin ba. Ya tambaye ta a ina labulen yake rataye a lokacin, don can ne ƙafar mahaifinsa ta taka. Ta ce a Layin Tsohuwar Tasha, shagon da yanzu yake jikin na Tanimu Tela.

Tanimu hularsa kawai ya cire ya sake sawa. Shugaban masu haƙa ya sunkuya ya tumɓuke turkensa, yaransa suka fara naɗe igiya. Matan layin da suke sa albarka ɗazu suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙarar rufe ƙofofi. Malam yana tsaye yana kallon ruwa yana barin ƙofar gidansa, sunansa kuma yana bin bayan ruwan. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya yunƙura ya tari gaban jama'a, ya ce su dakata, ai shi mai zanen daga wannan layin ya kwafa, a da can kafin babban ruwa. Ya ture hula baya, ya buga yatsa a goshi, ya ɗaga murya yadda har na cikin gida za su ji.

"To wannan tabon fa? Shi ma zana shi aka yi? Na ce muku a titin nan na faɗi!"

Daga bayan ƙofa Ladiyo ta ce, "Wannan kam gaskiyarka ce, Malam, daga kan titin nan ka faɗo, ni ce ma na ɗaure maka goshin. Keken ne dai ban gani ba, juyi ka yi cikin barci."