Rasuwar Ɗan Kunnen Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da shiru, tsohon malamin harshe, wanda yanzu yake zaune a ɗakin baya na gidan babban ɗansa, yana sanar da 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai rasuwar abokin zamansa, wato na'urar nan mai ƙara ji da yake maƙalawa a kunnen hagu, wadda jikoki suka raɗa wa suna Ɗan Kunne. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayin ɗan ƙarami ne, bai kai babban yatsa ba, amma ya riƙe amana. Kalma kowa na iya kawo ta. Shi kuwa har da muryar da ta ɗauko kalmar yake isarwa, bai taɓa ragewa ba, bai taɓa sa mata zuma ba. Malam ya shekara talatin yana koya wa yara bambancin gatse da habaici da ba'a, saboda haka ya san darajar wannan aiki. Idan ya zubar da ruwa a tsakar gida, surukarsa ta ce, "Sannu da aiki, Baba," marigayin yakan kawo masa yadda ta ja "sannun" nan, sai Malam ya gane gatse ne, ya ɗauko tsumma. Idan ta tsaya a bakin ƙofarsa tana yi wa kyanwa faɗa, "Ke dai ba kya komai sai kwanciya da jiran kwano," ya san habaici ne, kyanwa kuma ba ta da laifi. Idan tsohon abokinsa mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Kai, har yanzu ba ka mutu ba?" marigayin yakan kawo dariyar da ke ƙarƙashin maganar, Malam ya ji sanyi a ransa har yamma. Da zaƙi da ɗaci, ya dai san inda yake tsaye a gidan nan.

Ciwon ajali ya fara wa marigayin da ɗan kuka, wiii, kamar sauro. Daga baya ya koma shhh, yana cinye ƙarshen magana. Aka sake masa batir, aka goge shi da auduga, aka kai shi wurin mai gyara har sau uku. Abu na ƙarshe da ya isar shi ne muryar babban ɗan Malam yana ce wa matarsa, "Maganar ɗakin Baba kuwa, ni na yanke shawara..." Sai ya yi ƙit. Bai sake motsi ba.

Masu cewa a sayo wani, an gode da shawara. Likita ya haska kunnen, ya rubuta a takarda cewa jijiyar ce ta gama aiki, ko an kawo sabo ba abin da zai tarar a ciki. Kunnen dama kuwa dama ya daɗe da daina aiki.

Marigayin ya bar batir huɗu da ba a ɓare ba, da ɗan akwatinsa mai murfi, da kunnen hagu wanda har yanzu hannu yake kai wa ziyara kowace safiya. Ya kuma bar Malam, cikin ɗaki mai taga ɗaya, yana kallon bakuna suna motsi. Yanzu komai a rubuce ake ba shi. Takarda kuwa ba ta da murya. Jiya surukarsa ta ajiye masa abinci da 'yar takarda a kan murfi: "A ci lafiya, Baba." Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, abincin ya huce bai gano ko addu'a ce ko gori ba.

A nan ya wajaba a faɗi abin da marigayin ya zo ya tarar, ya kuma rufa. Babban ɗan nan da duk gari ke kira Gwani, har matarsa take alfahari da sunan, Malam ne ya raɗa masa shi. Yana ɗan shekara tara ya kawo sakamakon jarrabawa, shi ne na ƙarshe a aji, uban ya tafa hannu a gaban baƙi ya ce, "Sannu, Gwani!" Aka yi dariya, suna ya bi shi. Tun daga ranar, da wuya Malam ya yi wa yaron nan magana a miƙe. Ya ɗauka gyara yake yi. Yaron dai ya tashi ba mai yawan magana ba, kuma duk abin da ya koya na sarrafa harshe, a gida ya koya.

Shekaranjiya Gwani ya shigo ɗakin baya, ya ajiye takarda a kan gado, ya fita da sauri don ya makara wurin aiki. Ga abin da ta ƙunsa: "Baba, gidan nan gidanka ne. Ka zauna yadda kake so, ai ba ka taɓa takura wa kowa ba."

Malam ya karanta ta ya fi sau hamsin. In gaskiya ce, ya samu wurin ƙarasa kwanakinsa. In gatse ne, ya kamata ya fara ɗaure kayansa, ga shi ba shi da inda za shi. Mutumin da ya ja wa dubban yara jan biro a kan wannan darasi, yau layi biyu sun gagare shi. Tsoro yake ji, kuma kunya ta hana shi tambaya.

Za a yi jana'izar gobe da hantsi. Za a naɗe marigayin cikin hankici, a sa shi a akwatinsa, a rufe a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsohon jan biro. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin baya. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da takarda, kuma kowa ya taimaka ya rubuta a ƙasa ko da gaske yake.

Shi Gwani ba a nemi takarda daga gare shi ba. Mahaifinsa yana roƙonsa ya zo da rana tsaka, ya zauna kusa da taga inda haske yake, ya maimaita maganar nan a hankali, yana kallonsa. Malam ma yana da magana ɗaya da zai faɗa masa, a miƙe, wadda ta makara da shekara talatin da biyar.