Hawan Dutse da Takalmin Ban-Ruwa

"Lafiya lau, amarya, sai dai ƙafa."

"Wace ƙafa kuma? Matso nan, Maharazu. Tun daga zaure nake jin tafiyarka kamar ta agwagwa."

Iya Adama ke nan, kakata ta wajen uba. Idonta ya daɗe da yin hazo, amma bakinta yana nan daram. Tun ina goye take kirana mijinta, kuma ba a yin Juma'a ba ta yi min yaji ba.

Asalinta 'yar wani ƙauye ce can bayan Rano, wanda ruwan Tiga ya shanye tun ba a haife ni ba. Ruwan nan ne muke ba tumatirinmu a Kadawa, shi ya sa take cewa da gidan ubanta nake ban-ruwa. Bana da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: a hau dutsen bayan garinsu, inda suke niƙa da mahaifiyarta, a dubo mata ko akwai abin da ya rage. Ni kuwa uban 'yan cika baki, na bugi ƙirji na ce wannan ai tsallen kanal ɗin ban-ruwa ne.

"To, ka hau, ko a gindi ka yi rawar sanyi ka dawo?"

"Na hau mana. Birai ma da suka ga hawana sai da suka ba ni hanya."

"Sun ga ɗan'uwansu dai, sun yi zumunci."

"Ai dangin amarya ne, sun ce in gaishe ki."

"Ja'iri! Da wane takalmi ka hau?"

Nan ta kama ni. Mutumin da duk rayuwarsa bai taɓa hawa abin da ya fi kunyar shinkafa tsawo ba, me ya sani? Dogon takalmin roban nan na shiga fadama na zura, don a wurinmu duk aiki mai wuya da shi ake yi. Abokina Baballe, wanda ya ɗauke ni a babur, ya yi ta faɗa min in canja, na ce ya bar manya su yi aikinsu. Ban yi nisa ba dutse ya zame min, na dawo ƙasa da mazaunai, wandona ya buɗe baki daga baya. Haushi ya sa na tuɓe takalmin na jefar, ga rana ta take tsaka. Jama'a, ashe dutse kasko ne. Ragowar hanyar da rarrafe na ƙarasa ta, ina kiran sunayen Allah, Baballe kuwa yana can sama yana ɗaga wayarsa yana neman sabis.

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Mu da ƙwaryar gero a ka muke hawa, da goyon ƙanne a baya. Wai wannan ne mijina. A ba ni takardata."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Baballe mana. Shi ko ba komai ya dawo da wandonsa."

Sai na ciro abin da na zo da shi a aljihu na ɗora mata a tafin hannu: ɗan dutsen niƙa, ya sha hannu har ya yi sulɓi. Na ce mata ramukan niƙan suna nan a jere, a cikin ɗayansu na tsince shi. Ta yi ta juya shi tana shafawa da babban yatsa.

"Naki ne?"

"Ina zan sani, sakarai? Duk matan garin da irinsa suke niƙa."

Amma ba ta sake shi ba. Can ta tambaye ni, in mutum ya durƙusa a bakin ramukan nan, me yake hangowa. Wallahi na san amsar ba daɗi. Na so in ƙawata mata, na kasa.

"Ruwa, Iya. Ruwa iya ganinki. Sai wani ɗan tudu a tsakiya da ruwan bai kai ba, da kuka ɗaya a kansa."

"Kukar tana da ganye?"

"Shar da ita."

"Nan Innata take kwance," ta ce. "Ashe ruwan bai taɓa ta ba."

Tausayinta ya kama ni har na manta da zugin ƙafata. Ta share ido da bakin mayafi, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo 'yar kwalbar man shanunta, wadda ko babana ba ya taɓawa.

"Na fasa yajin. Miƙo ƙafar nan, agwagwa."

"Baballe fa?"

"Ya je ya auri wayarsa."

Da hannu ɗaya ta shafa min man tana dariya ƙasa-ƙasa, don ɗayan yana riƙe da dutsen.