Ranar da Na Yi Goyo da Rawani

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na yi a Kankara, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina. Ranar ce na bar gida ina Alhaji, na dawo da wani suna daban, wanda har yau yaran Faskari ke kirana da shi in sun tabbatar sandata ba za ta kai gare su ba.

Ni dillalin hatsi ne. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Abin da Allah ya hore mani shi ne baki. A majalisarmu ta teburin mai shayi, in na kama mutum da tsiya sai shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Wanda ya fi shan wuya a hannuna shi ne abokina Malam Tanimu tela. Ɗiyarsa na karatun kwalejin malamai na ƙarshen mako a Kankara, shi ke raka ta saboda yadda hanya ta zama. Wani ya taɓa ganinsa riƙe da jakarta a tasha, ai kuwa na raɗa masa Ɗan Riƙon Jaka, sunan ya bi shi har masallaci.

To, ni ma a gidana akwai 'yar kwalejin. Surukata ce, Hadiza, matar ɗana Sani. Litinin zuwa Juma'a tana koyarwa a firamare, Asabar da Lahadi ta kama hanyar Kankara, ga kuma 'yarta ta fari da ba ta kai shekara ba. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Ummi muke ce mata, ni kuma budurwata nake ce mata. Matata Hajiya ce ke bin Hadiza duk mako, ta riƙe Ummi a waje har a tashi daga aji. In Hajiya ta dawo tana cewa bayanta ya riƙe, sai in ce, "Wane aiki kika yi? Reno ai zama ne a inuwa. Ku zo kasuwa ku ɗaga buhu ku ji." (Allah ya ji ni. Ashe ajiye mani ya yi.)

Ana nan jarrabawar ƙarshe ta zo. Da ma hedimasta ya gaya wa Hadiza cewa in ba ta kawo takardar shaidar gama kwalejin bana ba, ba zai iya ci gaba da kare mata gurbinta ba. Sai ga shi ɗiyarmu da ke aure a Sabuwa ta haihu, Hajiya ta tafi, da niyyar dawowa ranar Juma'a. Ruwa ya sauka, hanyar Sabuwa da ma ga ta ga yadda take, motoci suka ƙi fitowa. Sani kuma yana Kudu ya kai masara.

Da safiyar Asabar ina zaure ina shan koko, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Hadiza ce, ta durƙusa can bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Kun san tsakanin suruka da uban miji: tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa haɗa ido ba.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama. Ba ki tafi ba?"

"Baba, na haƙura. Yarinyar nan ba ta yarda da kowa, kuma ba a shiga da yaro ɗakin jarrabawa. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Gaskiya ta faɗa, Ummi na da ƙyuya irin wadda ban taɓa gani ba. Bayan uwarta da Hajiya, mutum ɗaya take yarda da shi a duniya: ni. Shi ma don tana jin daɗin jan gemuna ne.

Na ajiye ludayi na ce, "Baɗi? A kan 'yar wannan abar da ba ta kai tiyar gero nauyi ba? Je ki shirya. Ni zan riƙe ta."

Na saka farar babbar rigata ta zuwa Juma'a, na naɗa rawani. A nan sai na tona wani asiri. Mutane sun ɗauka tun da na dawo daga Makka nake naɗa rawani saboda dattaku. Ba haka ba ne. Sanƙo gare ni, irin wanda in rana ta haska shi kaza na iya duba fuskarta a ciki. Ko Hajiya sai ta yi sa'a take ganinsa.

Muka isa makarantar da ake jarrabawar. Na leƙa nan, na leƙa can, babu Malam Tanimu. Ɗiyarsa ta gaishe ni ta ce ya shiga gari sayen zare. Na ce alhamdu lillahi a zuci. Hadiza ta shayar da Ummi, ta miƙo mani ita da jakar kayanta ba tare da ta ɗago kai ba, ta shiga aji. Malamin da ke tsaron jarrabawa ya tsaya bakin ƙofa ya ɗaga murya: duk wanda ya fita, ya fita ke nan.

Ƙarƙashin wata darbejiya aka shimfiɗa tabarmi, masu reno sun cika: tsofaffi mata, ƙannen ɗalibai, kowa da jariri. Namiji ɗaya tak, mai gemu da rawani. Wata tsohuwa 'yar Mabai da suke kira Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, halan ɓatan kai ka yi? Masallaci na can gaba."

"Reno na zo," na ce, ina gyara rawani. "Zan nuna maku yadda ake yinsa."

Da farko abin ya tafi daidai. Ummi na jan gemu, ina yi mata wasa, har ina kallon matan da ido irin na kun gani ko. Da ta jiƙe na canza mata famfas da kaina, Gwaggo ta ce in kawo ta taimaka, na ce a'a, mutumin da ya ɗinke bakin buhu dubu ba zai gagara wannan ba.

Sai Ummi ta waiga ba ta ga uwarta ba.

Jama'a, na sha jin jiniya, na sha jin injin niƙa ya ƙwace, ban taɓa jin ƙara irin wadda ta fito daga bakin 'yar abar nan ba. Na jijjiga ta, ta ƙara. Na ba ta gemu kyauta, ta ture. Na buɗe fulas ɗin kunu a gaggauce, ya kife cikin jakar, ya jiƙa komai har da zanen goyon da Hadiza ta ninke a ciki. Gwaggo ta karɓe ta, ai sai ta sandare kamar an tsunkule ta, dole aka dawo mani da ita. Sauran jarirai suka ji shugaba ta fara, su ma suka ɗauka.

Na ɗaga kai na dubi tagar ajin. Na hango Hadiza ta ajiye biro. Ta dafa tebur, ta ɗan miƙe, ta koma, ta sake miƙewa. Malamin tsaro ya nufo ta yana nuna ƙofa, alamar in za ki fita ga hanya, amma kin san sharaɗi. Shekarun da yarinyar nan ta yi tana tashi da asuba ta dafa, ta wanke, ta tafi koyarwa, ta dawo ta buɗe littafi da jaririya a cinya, duk za su zube saboda wani tsoho mai baki ya ce reno zama ne a inuwa.

"Gwaggo, don Allah, me ake yi?" Ban san lokacin da muryata ta koma ta mai roƙo ba.

"Af, yanzu ka san sunana? Wagga yarinya 'yar goyo ce. In ba ta ji ta a baya ba, ba ta yin shiru. Kuma ka ga ba ta yarda da bayan kowa. Duƙa."

"In duƙa? Ni?"

"To, bari uwarta ta fito ta duƙa."

Na duƙa.

Aka nemi zane, na Ummi ya sha kunu, kowace mace kuma nata na ɗaure da nata ɗan. Gwaggo ta dubi kaina. Na gane abin da take kallo. Na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah." Ta ce, "Kai ka ji tsoronsa, ga ɗiyar mutane can ta kai bakin ƙofa."

Da hannuna na warware rawanin. Hula ta biyo shi ta faɗi. Rana ta sauka a kan sanƙon nan, wata yarinya ta ce, "Laa!" ta rufe baki. Gwaggo ta ɗora mani Ummi a baya, ta zagayo da rawanin ta ƙarƙashin hammatana, ta ɗaure a ƙirji tamau har numfashina ya ɗauke, ta sake zagayowa ta ɗaure a ciki.

"To, girgiza. Ba haka ba, kamar kana tankaɗe. Yi mata waƙa."

Ni ina na san waƙar reno? Abin da ke kaina shi na rera:

"Masara ta sauka, dawa ta hau,
Gero na nan inda kika bar shi,
Yi barci, hajiyar kasuwa,
Gobe mu auna da babbar tiya."

Wallahi tallahi kukan ya fara raguwa. Ya koma sheshsheƙa. Na ji ɗan kanta ya kwanta tsakanin kafaɗuna. Amma aiki bai ƙare ba, domin Hadiza na tsaye bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya na shirin fita, daga inda take kuma ba ta hango mu. Dole ta gani da idonta. Haka na fito fili, tsakiyar makaranta, kai ba hula, farar riga ta tattare, goyo a baya, ina tafe ina rangaji ina faɗin farashin dawa, na bi ta gaban tagogin ajin ɗaya bayan ɗaya.

Aji ya ɗauki gunaguni. Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Malamin tsaro ya juya wa ɗalibai baya, kafaɗunsa na rawa. Sannan, karo na farko tun da aka kawo ta gidana, ni da Hadiza muka haɗa ido. Ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Na juya mata baya don ta ga Ummi na barci, na ɗaga hannu na yi mata alamar koma. Ta koma ta zauna. Ta ɗauki biro.

Da na tsaya, Ummi ta motsa. Da na zauna, ta buɗe baki. Don haka ban tsaya ba, ban zauna ba, har aka tashi. Gwiwoyina suka riƙa kiran sunan Allah. Can kuma na ji wani ɗumi na gangarowa daga tsakiyar bayana zuwa ƙugu. Ashe famfas ɗin da gwanin ɗinkin buhu ya saka, a baibai ya saka shi.

A daidai wannan hali, ɗalibai na fitowa, na juyo, sai ga Malam Tanimu tsaye da ledar zare a hannu. Ya dube ni tun daga sanƙo har zuwa taswirar da ke bayan rigata. Bai yi dariya ba, mugun. Ya gyara murya, ya ɗan russuna.

"Alhaji, barka da arziki. Yaushe aka sauka? Ko goron suna ba mu gani ba."

"Tanimu, ka rufa mani asiri."

"Wane asiri, Maijego? Ai ka riga ka kwance shi ka yi goyo da shi."

Kafin motarmu ta iso Faskari, sunan ya riga mu isa. Hadiza kuwa da muka zo gida, za ta shiga ciki sai ta durƙusa, ta ce, "Baba, Allah ya saka da Aljanna," sannan ta tashi da sauri. Ni ma na shige zaure da sauri, don wani abu ya faɗa mani a ido.

Da sakamako ya fito, Hadiza ta ci, kuma ci mai kyau. Gurbinta na nan, yanzu ma ita ke riƙe da aji shida. Ranar walimar cin jarrabawar Hajiya ta shigo mani da ƙunshi biyu. Na farko sabon rawani ne fari ƙal, ta ce daga Hadiza, da albashinta ta saya. Na biyu na buɗe na ga zanen goyo da majanyi.

"Wannan fa?"

"Wannan daga ni ne. Hadiza ta ce za ta ci gaba har digiri, ni kuma bayana ya riƙe. Ai ka ce zama ne a inuwa."

Na naɗa rawanin na tafi majalisa. Tanimu na hango ni ya ce a ba Maijego kunun kanwa. Na ce a kawo, kuma a ƙara, domin a duk teburin nan ni kaɗai ne mai aji uku da ya taɓa cin jarrabawar kwaleji, da bayana kuma na ci ta.

Safiya ɗaya na yi ina aiki ɗaya cikin ukun da yarinyar nan ke haɗawa kullum, sai da aka yi mani gashi da ruwan zafi. Tun daga ranar, in na ji wani a majalisa ya buɗe baki zai ce aikin mata ba aiki ba ne, ba na musu da shi. Tambayarsa kawai nake yi ko yana da rawani mai tsawo, da kuma abin da yake ɓoyewa a ƙarƙashinsa.